GA ƘOSHI GA KWANAN YUNWA: Kasuwar Masu Lambu Da Cefanen Tsofaffinmu

Duk wanda ya bi ta Dzorwulu ko Roman Ridge da sassafe, a nan Ankara babban birnin ƙasarmu Gana, zai ga abin da ba a cika zatonsa a tsakiyar birni ba, wato fangalan latas da kabeji da lawashi da ayoyo a shimfiɗe kore shar ƙarƙashin manyan turakun lantarki, ga masu lambu kowa da garwa biyu a hannu suna kai da komo tsakanin rafi da shuka. Daga nan zuwa Nima ko Mamobi tafiyar 'yan mintoci ce a trotro. Amma duk da wannan kusanci, akwai ɗakuna da yawa a unguwanninmu na zango waɗanda tsoho ko tsohuwar da ke ciki kan yi mako guda cur ɗanyen ganye bai shiga tukunya ba. Ganyen yakan wuce ta ƙofar gidansu ya tafi manyan kasuwanni da otal-otal da wurin masu sayar da soyayyiyar shinkafa. In ya dawo unguwa kuwa, ya riga ya bi ta hannu biyu ko uku, ya yi yaushi, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi.

Wannan shi ne Bahaushe ke kira ga ƙoshi ga kwanan yunwa. A wannan wata mun ga ya dace mu duba abu biyu waɗanda aka saba maganarsu daban-daban alhali kuwa ɗaya maganin ɗaya ne: mai lambu da ke neman inda zai sayar da kayansa da daraja, da kuma dattijon da ke neman ɗanyen kayan miya daidai aljihunsa.

Su wane ne tsofaffin nan?

Ƙidayar jama'a ta 2021 ta nuna cewa 'yan shekara 60 zuwa sama a Gana sun kusa miliyan 2, alhali a 1960 ba su wuce kimanin 213,000 ba. Daga cikinsu akwai fiye da 340,000 da ke zaune su kaɗai. A da can, in aka ce tsoho na zaune shi kaɗai a zango sai a ce ƙarya ne, domin gida ɗaya tukunya ɗaya ce, kuma kwanon tuwo kan zagaya har ɗakin baƙo. Yau gidajen haya sun cika maƙil, 'ya'ya sun koma Kasoa da Ashaiman da bayan Madina inda ɗaki ya fi sauƙi, wasu sun ƙetare teku, kowa kuma na fama da nasa nauyin.

Akasarin dattawanmu ba su taɓa aikin albashi ba. Masu gadi ne, da mahauta, da 'yan goro, da teloli, da direbobi, da masu koko da ƙosai, da masu wake da tuwon zafi. Saboda haka fanshon SSNIT bai san da zamansu ba. Gaskiya ne cewa tsarin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka kafa da dokar 2003, ya yafe wa 'yan shekara 70 zuwa sama biyan kuɗin shekara. Haka kuma tun 2008 akwai shirin LEAP da ke ba gidaje mafiya talauci tallafin kuɗi duk bayan wata biyu, ciki har da 'yan shekara 65 zuwa sama waɗanda ba su da mai ɗaukar nauyinsu. Gidan da mutum ɗaya ke cin gajiyar shirin sidi 64 yake karɓa tun daga 2015, aka ninka zuwa 128 a 2023, aka sake ninkawa zuwa 256 a 2024, sa'an nan ya kai 320 a 2025. Mai karatu ya raba 320 gida sittin ya gani: sidi biyar da 'yan kai ke nan a rana, a ciki za a sayi gawayi da ruwa da sabulu da abinci. Kuma ba kowane tsoho mai bukata ne sunansa ke cikin rajistar ba.

Daɗin daɗawa, ga tsadar da ta auka wa ƙasa a 2022. A watan Disamba na wannan shekara hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin ɗari, ta kayan abinci kuwa ta kusa kashi 60. A 2025 ta sauko ƙasa da kashi 10, abin farin ciki ne, amma kada mu manta cewa saukar hauhawa na nufin farashi ya rage gudu ne kawai, bai koma inda ya fito ba.

Abin da ke fara fita daga tukunya

Idan kuɗin cefane ya gaza, kowace uwar gida ta san abin da take fara yankewa. Gari da shinkafa da masara ba a taɓa su, domin su ne ke riƙe ciki. Nama da kifi a rage. 'Ya'yan itace kuwa su zama abin marmari, sai an je dubiya asibiti. Ɗanyen ganye shi ma ya bi baya, a cike gurbinsa da gishiri da dunƙule don miya ta yi ɗanɗano. Ba mu raina kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa ba, abincinmu ne na gado kuma suna da amfani ƙwarai, amma jikin tsoho na bukatar ɗanye tare da busasshe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itace a kowace rana, gishiri kuma kada ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya. Wani babban bincike da hukumar ta gudanar a Gana a 2007 zuwa 2008 ya gano cewa fiye da rabin 'yan shekara 50 zuwa sama na ɗauke da hawan jini, da yawansu ma ba su sani ba. Duk wanda ke zuwa gaisuwar marasa lafiya a zango ya san yadda shanyewar ɓarin jiki da ciwon suga suka yi mana katutu. Ganye ba ya maye gurbin maganin likita, amma rage gishiri da ƙara ganye na cikin abubuwan da kowane likita ke fara faɗa wa mai hawan jini. To, ina amfanin a ce wa tsohuwa ta ci ganye kullum alhali kuɗin ƙulli ɗaya na ayoyo sai ta yi lissafi?

Ban da kuɗi, akwai ƙafa. Ranar Laraba, ranar da kasuwar Nima ke ci, matashi ma sai ya sa ƙarfi kafin ya kutsa tsakanin motoci da 'yan kaya da masu tura baro, balle mai sanda. Tsohuwa ba za ta iya sayen da yawa ta ajiye ba domin babu firiji, don haka sai ta sayi ɗan kaɗan a teburin ƙofar gida, inda ɗan kaɗan ɗin ya fi tsada. Talaka ke nan, shi ne kullum ke saye da tsada.

Masu lambun cikin gari

Noman lambu a cikin Ankara ya daɗe. Dattawanmu na tuna shirin ciyar da kai na gwamnatin Kanar Acheampong a 1972, lokacin da aka ƙarfafa wa kowa ya shuka wani abu a bayan gida da duk wani fili da ke zaune banza. Masu lambun da suka riƙe sana'ar har yau da yawansu 'yan'uwanmu ne, mutanen arewacin ƙasar nan da na Burkina Faso da sauran ƙasashen maƙwabta, kuma ba kaɗan ba ne daga cikinsu ke kwana a unguwanninmu. Cibiyar nazarin ruwa ta duniya, IWMI, wadda ke da ofis a Ankara, ta ƙiyasta a wani nazari da ta buga a 2006 cewa masu lambun birnin sun kai 800 zuwa 1,000, kuma kimanin mutum 200,000 ne ke cin abin da suka noma kowace rana, musamman ta hanyar abincin titi.

Yadda cinikin ke tafiya shi ne abin lura. Mai lambu bai cika kai kaya kasuwa da kansa ba. Mace ce 'yar kasuwa kan zo gona ta sayi fangali sukutum, ta cire da hannunta, sau da yawa ma sai ta sayar kafin ta kawo kuɗi. A manyan kasuwanni kuwa kowane irin kaya da ƙungiyarsa da sarauniyarsa, baƙo ba ya shimfiɗa buhu haka kawai ya fara sayarwa. Kayan lambu ba ya jira, in latas ya isa cirewa yau, nan da 'yan kwanaki ya tsufa ya yi ɗaci. Saboda haka idan mai saye ta taya, mai lambu ba shi da ƙarfin jan ciniki. Shi ne mai ɗaukar garwa sau ɗari a rana, amma shi ne bai san nawa aka sayar da guminsa a Makola ba.

Bugu da ƙari, filin ba nasa ba ne. Yawancin lambunan suna kan filayen gwamnati ne ko na hukumomi, ƙarƙashin waya ko bakin rafi, ba takarda ba yarjejeniya, kuma a 'yan shekarun nan gine-gine sun cinye da yawa. Wanda bai san ko zai ga baɗi a wurin ba, ba zai zuba kuɗi ya haƙa rijiya ba.

Darussa biyu daga tarihinmu

Kafin mu ce ga mafita, ya kamata mu tuna hanyoyi biyu da aka taɓa bi a ƙasar nan. A 1979, zamanin mulkin soja na AFRC, an rushe kasuwar Makola bisa zargin cewa matan kasuwa ne ke ɓoye kaya suna tsauwala farashi. An wulaƙanta mata da yawa, an karya jarin iyalai, abinci kuma bai yi araha ba. Darasin shi ne, 'yar kasuwa ba abokiyar gaba ba ce. Ita ke ba mai lambu bashin iri da taki, ita ke biyan mota, ita ke ɗaukar asara in kaya ya ruɓe, kuma da yawa daga cikin masu ƙananan tebura a zango su ma tsofaffi ne masu neman na koko.

Hanya ta biyu ita ce ta watan Nuwamba na 2022, lokacin da Ma'aikatar Abinci da Aikin Gona, a ƙarƙashin Dakta Owusu Afriyie Akoto, ta ɗebo ayabar dahuwa da doya da wasu kayan abinci daga ƙauyuka ta kasa su a harabar ma'aikatar a Ankara da farashi mai rahusa. Jama'a sun yi dogon layi, wanda ya nuna cewa bukatar na nan, kuma akwai tazara mai faɗi tsakanin farashin gona da na birni. Amma kasuwar ba ta zama abu mai ɗorewa ba. Ma'aikata ne ke saye da sayarwa maimakon manoma, wurin kuma unguwar ofisoshi ce, wanda ya fi amfana shi ne mai mota da mai ƙarfin tsayuwa a layi. Tsohuwar Mamobi ba ta gani a tukunyarta ba.

Yadda ake raya kasuwar manoma

Tunda na gida bai ɗore ba, babu laifi mu leƙa inda abin ya ɗore. A ƙasar Indiya, gwamnatin jihar Tamil Nadu ta buɗe kasuwar manoma ta farko a birnin Madurai a watan Nuwamba na 1999, daga baya ta bazu zuwa garuruwa da yawa. Ƙa'idojinta masu sauƙi ne. Manomi na gaskiya kaɗai ke da rumfa, kuma ana ba shi kati mai hotonsa don kada ɗan kasuwa ya yi shigar manomi. Rumfa kyauta ce, sikeli ma aro ake ba shi. Kowace safiya ana rubuta farashi a allo kowa na gani, a ɗora shi sama da farashin sari, a sauke shi ƙasa da na 'yan kiri. Ta haka manomi ya sami fiye da abin da dillali zai ba shi, mai saye kuma ya biya ƙasa da abin da ya saba.

Babu abin da ya gagare mu a cikin wannan. Mu da har sunan garin Kasoa daga kalmarmu ta kasuwa ya samo asali, ba za a koya mana kafa kasuwa ba. Abin da ake bukata shi ne tsari, kuma ga yadda muke ganinsa.

Da farko, a fara da ƙarami. Masu lambu goma ko goma sha biyu sun isa, a filin makaranta ko wani fili na al'umma da tsoho zai iya takawa ya je, rana ɗaya a mako, daga bayan asuba zuwa hantsi kafin rana ta dafa ganye. Kada a zaɓi Laraba, don kada a ce an zo kishiya da babbar kasuwa. Abin da ke kashe irin wannan kasuwa shi ne saɓa alkawari: mai saye ya zo wannan mako ya tarar da kaya, mako mai zuwa ya tarar da fili wayam. In an ce Asabar, to, ta zama Asabar ko ana ruwa ko ana rana.

Na biyu, a kawo abin da tukunyarmu ke ci. Mai lambu na shuka latas da kabeji da kokwamba ne domin su ke da masu saye a otal. Tsohuwa kuwa ayoyo take so, da alefu, da gboma, da yakuwa, da ɗanyar kuɓewa, da gauta, da zogale. Alefu da ayoyo cikin wata guda zuwa mako shida sun isa yanka, don haka in mai lambu ya tabbata akwai mai saye, ba zai ji wuyar ware musu fangali biyu ko uku ba.

Na uku, a kasa kaya ƙanana, daidai miyar mutum ɗaya ko biyu, a kuma rubuta farashi. A ajiye benci da inuwa da ruwan sha. Kasuwar da dattijo zai zauna ya huta, ya gaisa da tsaransa, ya ji labarin gari, ta ba shi abin da ya fi ganye.

Na huɗu, a shigo da matan unguwa masu tebur tun daga ranar farko, a ba su kujera a kwamiti, kuma abin da ya rage bayan an tashi a sayar musu da farashin sari. Ta haka mai lambu ba zai koma gida da kwantai ba, su kuma sun huta da kuɗin mota.

Sai dai kada mu yi wa jama'a alkawarin abin da ba za mu iya ba. Wannan kasuwa ba za ta sauke farashin tumatir da albasa ba. Da rani tumatirinmu da yawa daga Burkina Faso yake zuwa, albasa kuma daga Nijar, shi ya sa da aka rufe iyakoki bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 kowace uwar gida ta ji a jikinta. Ƙarfin lambun birni yana ga ganyen da ba ya jure doguwar tafiya, a nan ya kamata mu tsaya.

Tikitin cefane

Ko da kasuwa ta zo ƙofar gida, kuma farashi ya sauka, akwai dattijon da ba shi da ko sisin sayen. A nan ne wata dabara da aka gwada a Amurka ta cancanci a duba. A can kasuwannin manoma sun ƙaru daga 1,755 a 1994 zuwa fiye da 8,000 a 2013, amma an lura cewa masu hali ne suka fi cin moriyarsu. Tun a 1986 kwamishinan aikin gona na jihar Massachusetts, Gus Schumacher, ya fara raba wa iyalai marasa ƙarfi takardun da ba a sayen kome da su sai ɗanyen kayan lambu daga hannun manomi. A 2001 gwamnatin tarayyarsu ta buɗe irin wannan shiri musamman don tsofaffi 'yan shekara 60 zuwa sama masu ƙaramin samu. Abin da mutum ke samu daga gwamnatin tarayya bai taka kara ya karya ba, dala 20 zuwa 50 ne a shekara, amma ya riƙa kai wa ga tsofaffi wajen dubu ɗari bakwai zuwa takwas a kowace shekara. Wanda ba ya iya fita kuma an yarda ya wakilta wani ya sayo masa. A 2009 wata ƙungiya ta fara wani salon a kasuwanni biyar na birnin Detroit, inda mai karɓar tallafin abinci in ya kashe dala ɗaya a kasuwar manoma sai a ƙara masa ɗaya.

Hikimar abin ita ce kuɗi ɗaya ya yi aiki biyu. Ya shiga tukunyar tsoho a matsayin ganye, ya shiga aljihun manomi a matsayin ciniki. Kuma shi ne ke riƙe sabuwar kasuwa a watanninta na farko, domin manomi ya san ko ba kowa, masu tikiti za su zo.

Wani zai ce, me ya sa ba za a ba tsohuwa kuɗin a hannu ba? Tambaya ce mai kyau, kuma ba mu ce a daina ba ta kuɗi ba. Amma mun san halin iyayenmu. In ka ba kaka sidi ashirin, kafin azahar jika ya zo da kukan kuɗin makaranta, ko maƙwabciya ta yi haihuwa, kuɗin ya tafi, ita kuma ta sha gari da suga ta kwanta. Tikiti kuwa ba ya sayen katin waya, ba ya shiga biki.

Ga misalin lissafi, don a ga abin bai fi ƙarfinmu ba. A ce an zaɓi tsofaffi 50, kowa tikitin sidi 20 a mako. Sidi 1,000 ke nan a mako, 13,000 a wata uku na gwaji. Idan mutum 100 suka ɗauki alkawarin sidi 10 kowane mako, an gama. Wato mutum biyu sun ɗauki miyar tsoho ɗaya. Mu da muka saba da susu, muka saba tara gudummawar biki da ta rasuwa cikin yini guda, ga kuma 'ya'yanmu da ke ƙasashen waje masu aiko kuɗi ta waya, wannan ba zai gagare mu ba. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: a fanshi tikitin daga hannun mai lambu a ranar, kafin ya naɗe buhunsa. Ran da aka ce masa ya dawo gobe, ran nan kasuwa ta fara mutuwa.

Inda gizo ke saƙar

Akwai abubuwa uku da in ba a kula ba za su rushe aikin. Na farko ruwa. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawan lambunan Ankara da ruwan rafi da na kwata ake ba su ruwa, kuma akwai ƙwayoyin cuta a ciki. Jikin tsoho bai da ƙarfin jure gudawa kamar na saurayi. Sa'ar da aka yi ita ce ganyayen miyarmu dafa su ake yi, dahuwa kuma na kashe ƙwayoyin. Wanda ake ci ɗanye, irin latas da kabeji, dole a cire ganyen waje, a wanke sosai da ruwa mai tsabta da ɗan ruwan kal. Masana sun nuna cewa tace ruwan a ɗan kududdufi kafin a ɗiba, da zuba shi a gindin shuka maimakon kan ganye, da dakatar da ban-ruwa 'yan kwanaki kafin cirewa, duk suna rage haɗarin. Haka nan a kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar maganin ƙwari tsakanin feshi da yanka. Kwamiti ya sa waɗannan cikin sharuɗɗan samun rumfa, ya kuma nemi malaman gona na ƙaramar hukuma su riƙa zagayawa.

Na biyu amana. Wa zai zaɓi tsofaffin? In aka bar wa mutum ɗaya, gobe za a ji cewa danginsa ya rubuta. A kafa kwamiti mai maza da mata, da wakilin masu lambu, da wanda ya iya riƙe littafi, a riƙa karanta abin da ya shigo da abin da ya fita duk wata. A fara da waɗanda ke zaune su kaɗai, da gwauraye mata, da masu riƙon marayu. Zango kuwa na kowa ne, Bahaushe da Bazabarme da Bamoshe da Badagombe da Kotokoli da Bafillace da duk maƙwabcin da ke zaune tare da mu, ba a tambayar ƙabila ko addini ko jam'iyya. Duk ɗan siyasar da ya kawo gudummawa a karɓa a gode, amma kada hotonsa ya hau tikiti.

Na uku mutunci. Da yawan dattawanmu sun gwammace su kwana da yunwa da a kira sunansu a lasifika. Kada a jera su a layi, kada a ɗauki hotonsu ana miƙa musu kaya. A kai tikiti ɗaki cikin sirri, tsohuwa ta zo kasuwa kamar kowa, ta zaɓa, ta taya, ta ce wannan ya yi yaushi a canza mata. Wadda ba ta iya fita ta aiko jika, ko samarin unguwa su kai mata.

Kira ga masu ruwa da tsaki

Ga majalisun Ayawaso ta Gabas da ta Arewa da ta Yamma, waɗanda Nima da Mamobi da Dzorwulu ke ƙarƙashinsu, abin da muke roƙo bai wuce izinin fili na 'yan sa'o'i a mako ba, da sassaucin haraji, da kuma tsayawa a ga cewa masu lambu sun sami rubutacciyar yarjejeniya kan filayen da suke nomawa. Asusun Raya Zango, wanda aka kafa da dokar 2017, rumfuna da tebura da tankin ruwa ba za su yi masa nauyi ba. Sarakunan zango da shugabannin mata da ƙungiyoyin samari kuwa, su ne za su fara zama da masu lambu a ji ta bakinsu, domin ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Abin da muka faɗa game da Ankara ya shafi Kumasi da Tamale da duk garin da ke da zango da lambu a gefensa.

Kowace shekara, galibi a watan Disamba, ƙasa na bikin Ranar Manoma, ana raba kyaututtuka ana jawabai. Zai yi kyau a ce kafin ta sake zagayowa, akwai aƙalla unguwa ɗaya da mai lambu zai kasa ayoyonsa da hannunsa, tsohuwa ta miƙa tikiti ta ɗauka. Waɗannan dattawa su ne suka ga yunwar 1983, suka hana cikinsu suka ciyar da mu. Kowa ya daɗe zai ga daɗau, kuma abin da muka tanadar musu yau shi za mu tarar in mun kai shekarunsu. Muna jiran wasiƙun masu karatu, musamman masu lambu da matan kasuwa, kan yadda suke ganin za a ɓullo wa al'amarin. Allah ya ba mu ikon sauke nauyi.